Duk Injinan Sunansu Gwangwani

Masu karatu, ku gyara zama, na tsaye ya nemi kujera. Wata a cikinku ta rubuto min wai na cika sa saurayin jikata a gaba, ko me ya tsare min. To yau za ki ji abin da ya tsare min. In kin gama ji har yanzu kina sonsa, ki zo ki ɗauka, na ba ki har da turarensa.

Don waɗanda yau suka fara biyo mu: mu uku ne a gidan nan. Ni, da matar ɗana marigayi, da 'yarsu ta ƙarshe da kowa ke kira Auta. Auta tana aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani mai kai wa mutane kaya har ƙofar gida. Can ta haɗu da bawan Allahn nan, shi ne babba a kanta. Uwarta Injiniya take ce masa, tana jan sunan kamar mai lasar zuma. Ni Mai Turare nake ce masa, don kafin ya kashe mota ƙamshinsa ya riga shi zama a falo.

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, rana ko tsaka ba ta yi ba, sai ga Auta. Yarinyar da ta fita da safe cikin doguwar riga ruwan toka, an goge ta har tana ɗaukar ido, ta dawo mayafi ya zame a kafaɗa ɗaya, katin aikin da take ratayawa a wuya yana dunƙule a hannu. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

Nan take na tuna man zafina yana ɗakinta. Yana ƙarƙashin matashina ne, amma ku bar wannan.

Na same ta rub da ciki a kan gado, takalmi a ƙafa.

"Ke, wa ya mutu?"

"Kaka, don Allah ki fita."

"Man zafina nake nema. Wa ya mutu?"

Ta juyo, idon nan jawur amma babu hawaye. Auta ba ta kuka in ta fusata, ubanta ta ɗauko.

"An dakatar da ni."

"Daga me?"

"Daga rawa. Daga aiki mana, Kaka."

Na zauna a bakin gado na ce ta yi min bayani da maganar mutane, ba irin wadda suke yi da shi a waya ba, rabi magana rabi atishawa. Ta ja tsaki, ta tashi zaune.

"Kin san abin buga bulo?"

"Da shi kakanki ya gina ɗakin da kike banko wa ƙofa."

"To haka aikinmu yake. Kamfaninmu ba shi da manyan injinan kansa, haya yake a wurin wani kamfani, daga nesa muke taɓa su. Shi ne kike jin ana cewa suna cikin gajimare."

"Ni dama na san ƙarya ce. Wane inji ne zai zauna a sama ruwa bai jiƙa shi ba?"

"Za ki ji ko ba za ki ji ba? Inji ɗaya ake haɗawa, a zuba masa duk abin da aiki ke buƙata, sai a ɗauki hotonsa a ajiye. Hoton nan shi ne abin buga bulon. Duk ranar da aiki ya yi yawa, ni ce nake bugo sabon inji daga hoton. A ƙa'ida, kowane sabo in ya farka sai a ba shi sunansa daban, don in ɗaya ya yi ciwo a san wane ne. To wanda ya haɗa hoton ya rubuta suna a ciki, ya kuma kunna wani layi mai cewa kar a taɓa sunan. Kamar ki ƙarta suna a cikin abin buga bulo. Duk wanda na bugo da sunan yake fitowa."

"Wane suna?"

Ta kalle ni kamar ni na kashe mata wani.

"Gwangwani."

Sai na yi tari, na duba farcena.

Bari in gaya muku. Auta tana jaririya tana da wata irin murya, in ta tsala kuka kamar ana jan gwangwanin madara a kan siminti. Ubanta ya sa mata sunan, Allah ya jiƙansa. Tunda ta shiga sakandare ta kafa doka, duk wanda ya kira ta da shi ba ta ƙara gaishe shi. Muka binne sunan a gidan nan. Yadda aka yi Mai Turare ya tono shi, kar ku tambaye ni. Mutum ne yake zuwa ya zauna a falo, yarinya tana ɗaki tana shafa hoda har lemonsa ya huce, ai dole a taya baƙo hira. Shi kuma da ya ji sai ya kai ofis, ya dinga kiran ta da shi a gaban mutane wai wasa, har masu gadi suka haddace.

"Na yi masa magana tun ranar da na fara gani," in ji Auta. "Ya ce shi ke nan mutum ba zai yi wasa da matar da zai aura ba? Zai gyara. Yau zai gyara, gobe zai gyara."

Da safen nan ƙararrawa ta buga, wai Gwangwani na shirin mutuwa. Ta buɗe allo, ga su nan jere, daga sama har ƙasa kowa Gwangwani. Ta kira Mai Turare, yana wurin aski. Daga kan kujerar mai aski ya ce ta goge na ƙarshen da ta bugo, shi ne mai ciwon. Ta goge. Ashe lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne ke riƙe da duk saƙon kayan da mutane suka saya tun asuba. Masu babur suka zauna a harabar kamfani suna kallon juna, babu wanda ya san gidan da zai kai me. Waya ta dinga ƙara kamar ana gobara.

"Manaja ta kira mu biyu. Kin san abin da ya ce, Kaka? Ya ce, ranki ya daɗe, ki duba sunan. Wa zai sa wa inji wannan suna in ba mai shi ba?"

"A gabanki?"

"Kafaɗarsa tana taɓa tawa. Kuma duk sashenmu da mabuɗi ɗaya muke shiga, ba a gane hannun kowa. Na ce shi ne, ya ce tsoro ne ya sa nake kame-kame. An ce in zauna a gida sai an yi zama a kaina."

Tun da ta ce kar a taɓa sunan wani abu ya faɗo min. Kwanakin baya an cire wa Auta haƙori, ta kwanta a gida kumatu kamar ta ɓoye lemo a baki, ta ce ba za ta fito ya gan ta haka ba. Ni na zauna da shi. Yana karkaɗa mukullin mota ya ce, "Kaka, kin san abin da na yi yau? Na sa wa uwar injinanmu sunan jikarki. Na kuma kulle shi. Ko dubu aka haifa, kowa Gwangwani zai amsa." Ni a lokacin na zaci injin markaɗe ya saya mata, har na sa masa albarka.

Ban gaya wa Auta ba. In na buɗe bakin nan a ɗakin, tambaya ta gaba ita ce a ina ya ji sunan, ni kuma ƙafata ba ta gudu yanzu.

Wayarta ta yi ƙara a kan katifa. Idona bai mutu ba, kuma ta ƙara wa rubutun girma saboda ina ara.

"Gwangwanina, kar ki ɗaga hankalinki. Zan shigo da yamma mu zauna da Umma."

Ta rubuta: "Ka ƙara kira na da sunan nan ka gani."

"Haba zuciyata. Dabara ce na yi, za ki gane."

"Na gane tun a ofis."

Ya turo hoton fure. Ta kife wayar.

Da yamma ya zo. Farar riga mai dogon hannu, agogo kamar murfin tukunya, ga askin nan da kamfani ya tsaya cik saboda shi, an zana masa layi a gefe. Surukata ta buɗe kabad ta fito da kofunan gilashin da ni ko taɓa su ba a bari in yi, ta jera masa lemo da biskit. Auta ta fito da rigar barci da ɗankwali a karkace, ta tsaya jikin ƙofa. Ni na ja kujerata ta roba na zauna inda zan ga fuskar kowa.

Ya kashe murya ya ce, "Umma, lissafi na yi. In aka kore ni, da me zan riƙe ta? Ita kuwa in ta bar aikin, gida za ta dawo. Gidana."

"Ka ji magana," in ji surukata. "Ke dama aikin nan bayan aure ai ajiye shi za ki yi."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"Umma, ba barin aiki ba ne. Kora ce, da sunan wadda ta tsayar da kamfani. Wa zai ƙara ɗauka ta? Karatun da Baba ya mutu yana biya shi ke nan?"

"Kar ki sa ubanki a ciki. Namiji ya zo har gida yana lallashinki, kina tsaye kamar sanda. Yayyenki wace ce ta sami irinsa?"

Ya ce, "A zaman, kawai ki ce kuskure ne, ke kika haɗa hoton. Ni zan sa baki a sallame ki cikin mutunci."

"Ka ƙarta sunana a abinka, ka ce in goge inji kana kan kujerar aski, sannan ka sa baki?"

"Kin ga matsalarki ke nan, ba kya sauraro."

Na ce, "Ɗan nan, askin ya yi kyau kuwa. A ina aka yi?"

"Inna," in ji surukata ba ta ko kalle ni ba, "maganar nan ba taki ba ce."

"Ni aski na yaba."

Auta ta ce ko za a yanka ta ba za ta ɗauki laifin da ba nata ba. Uwarta ta miƙe tsaye ta ce in auren nan ya lalace ta nemi wata uwar. Shi kuma yana zaune yana juya kofi, yana kallon agogo, kamar a gidan wasu ake faɗan. Can sai surukata ta juyo kaina. Matar da ta ce maganar ba tawa ba ce, yanzu har da russunawa.

"Inna, ke za ki je. Ke tsohuwa ce, za a ji nauyinki. Ki ce yarinya ta yi kuskure, kunya ce ta hana ta faɗa, a yi haƙuri a rufa mata asiri."

Mai Turare ya washe baki. "Wallahi Umma kin kawo shawara. Manaja tana ganin girman tsofaffi. Ni zan kai ta da kaina."

Auta ta ce, "Kaka, in kika je kika ce ni ce, ba ni ba ke."

Na sunkuyar da kai na ce, "To ya zan yi, 'yar nan? Uwarki ce ke ba ni abinci."

Ranar Auta ko ƙafata ba ta matsa min ba. Ta wuce ni a tsakar gida kamar ta wuce turmi. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don duk gidan nan ita kaɗai ce ke tambaya ta ko na ci.

Washegari na sa tsohon zanena wanda ya koɗe, na ɗauko sandar da ba na buƙata. In za ka je roƙo, ba ka tafiya da kwalliya. A mota ya dinga koya min karatu.

"Kaka, me za ki ce?"

"Yarinya ta yi kuskure."

"Sai me?"

"A yi haƙuri."

"Shi ke nan. Kar ki ƙara komai."

"Ni me na sani da zan ƙara? Kai dai rage sanyin motar nan, ƙashina ba na roba ba ne."

Kamfanin nasu dogon gini ne mai ƙofar gilashi. A haraba babura jere, masu su suna ɗaure kwalaye. Ɗaya ya gan shi ya ce, "Oga, ya jikin Gwangwani?" sauran suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya. Na riƙe wannan a raina.

Ciki kuwa tebura ne layi-layi, kowa ya toshe kunne yana danne-danne. A bango an kafa wani ƙaton allo. Karatuna bai yi nisa ba, amma sunan da na yi shekaru ina ji na gane shi ko a duhu. Ga shi nan an jera, ɗaya a kan ɗaya, wasu kore wasu ja. Na ga teburin Auta, da kofinta mai hoton kyanwa da 'yar suwaitar da take sawa saboda sanyi, a rataye a bayan kujera.

Manaja 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, shayinta ya huce a gabanta har ya yi fata. Ta miƙe ta ba ni kujera.

"Sannu da zuwa, Iya. Ai da kin aiko."

Na zauna da ƙyar, na yi nishi biyu, na goge ido da bakin mayafi. Na ce yarinya ce, marainiya ce, a yi haƙuri. Na ce ƙuruciya ce, duk wanda ya haifa ya sani. Mai Turare yana tsaye a bayana yana gyaɗa kai kamar malami ya ji ɗalibinsa ya kawo hadda.

Manaja ta ce, "Iya, ba na son korar kowa. Amma ta haɗa abu ba daidai ba, ta sa masa sunanta, sannan ta ɗora wa wani. Wannan na ƙarshen ne ya fi ɓata min rai."

Na ce, "Gaskiyarki. In ba za a duba ta ba, a duba yaron nan. Ranki ya daɗe, ban taɓa ganin mai son mace irinsa ba. Ko mijina da ya yi shekara yana zarya a ƙofar gidanmu bai kai shi ba. Wane saurayi ne yau zai ɗauki sunan budurwarsa ya sa wa injin kamfani?"

"Kaka," in ji shi, "mu tafi, kin gaji."

"Ban gaji ba, bari in yabe ka, ai ba a gabanka kaɗai zan yi ba. Har gida ya zo ya same ni da albishir. Ya ce, Kaka, na sa wa uwar injinanmu sunan jikarki, na kuma kulle shi, ko dubu aka haifa kowa Gwangwani zai amsa. Na ce Allah ya yi maka albarka. Ko ban ce ba, ɗan nan?"

Manaja ta cire tabarau ta ajiye.

Ya yi wata 'yar dariya. "Ranki ya daɗe, Kaka ta tsufa. Tana haɗa maganar jiya da ta bara."

"Ai kuwa na tsufa," na ce. "Jiya ma na nemi carbina yana wuyana."

"Iya," in ji Manaja, "ya ce ya kulle?"

"Haka ya ce. Ni na zaci injin markaɗe ne, na ce to kar ɓarayi su ɗauka."

"Yaushe ne wannan?"

"Ni ina na san kwanan wata? Lokacin dai da aka cire wa Auta haƙori, tana kwance a gida fuska a kumbure. Shi ya sa ma ya zauna da ni, ta ƙi fitowa."

Manaja ta mai da tabarau a ido. Ta jawo kwamfutarta, ta danna nan, ta danna can. Ta ɗaga waya ta tambayi wani yaushe Auta ta ɗauki hutun rashin lafiya. Ta saurara, ta ajiye, ta juya masa allon.

"Ga ranar da aka haɗa hoton. Tana gida ranar. Daga kan gadon ciwon haƙori ta haɗa?"

Turaren nan duk ya gudu, gumi ya karɓi wurin. Ya fara, wai ai mabuɗi ɗaya ne, wai ai ana iya shiga daga gida, wai ai shi taimaka mata kawai ya yi.

"Jiya ka ce ba ka taɓa shi ba. Yau taimako ka yi. Zauna." Ta juyo wurina. "Iya, direba zai mai da ke gida. Goge injin da jikarki ta yi ba tare da ta bincika ba, wannan nata ne, za ta ji daga gare ni. Amma na gode da zuwanki."

Na ce, "Ni haƙuri na zo bayarwa. A yi masa a hankali, soyayya ce."

Ina wucewa ta gefensa ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohuwar banza."

Na tsaya na ce, "Kunnen hagu ne ya mutu, ɗan nan. Ka zaɓi mai rai."

Kafin direba ya sauke ni labari ya riga ni, don Mai Turare ya kira surukata daga banɗakin ofis. Na tarar da ita a tsakar gida, ɗankwali a ƙugu.

"Inna, kin kyauta. Kin kashe wa yarinya aure kin huta."

"Haƙuri kika aike ni in bayar, na bayar. Yabo ne kawai na ƙara."

"Yabo? Tun ranar da aka kawo ni gidan nan bakinki bai taɓa gyara abu ba."

"Ya gyara miyarki sau nawa, ba ki gode ba."

"Wa zai aure ta yanzu? Ke za ki aure ta?"

"Wanda zai iya tsayawa kusa da ita bai ɗora mata kayansa ba."

Ta ce ba za ta ƙara zuba min abinci ba. Na ce dama gishirinta yana hawar min da jini. Ta shige kicin tana buga tukwane, ni na shige ɗakina na ajiye sanda a inda take zama.

Ban daɗe da kishingiɗa ba Auta ta shigo. Ta mai da ƙofa a hankali, ta zauna a kan tabarma, ta miƙo min waya.

"Karanta, tunda kin iya leƙe."

Manaja ce. "Ki dawo gobe. Ki sake haɗa hoton daga farko, kowane inji ya farka da sunansa. Maganar gogewar da kika yi tana nan, za mu yi ta."

Ta ja ƙafata ta ɗora a cinya ta fara matsawa. Na lumshe ido, na ce a raina, to Alhamdulillahi, an wuce wurin.

"Kaka."

"Na'am."

"Mutum uku ne suka san sunan nan a gidanmu. Baba ya rasu. Umma ta rantse min ba ita ba ce."

Na ce, "Ɗan ƙara matsa wajen idon sawun."

"Kaka."

"Ta hagu kike magana, 'yar nan, ba na ji."

"Ina ta damarki."

Hannun da ke matsa min ƙafa ya ƙara ƙarfi, har na ji ƙashi yana magana. Sai muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ba a jima ba ƙamshin ya shigo ta taga. Surukata ta ƙwala kira daga tsakar gida.

"Auta, fito. Ga Injiniya nan, har da yayarsa. Ki fito ki ba su haƙuri tun magana ba ta yi nisa ba."

Yayar tasa na san labarinta. An ce ta taɓa rufe shagon tela da bakinta kawai, mutumin ya kwashe kekensa ya bar unguwar.

Auta ta sauke ƙafata. Ta murza zoben baikon da ya sa mata, ya ƙi fita, ta lakato man zafina daga ƙarƙashin matashi ta shafa, ya zame. Ta kamo hannuna ta ajiye shi a tafina, ta rufe yatsuna a kai.

"Ke kika ba shi sunan. Ke za ki mayar masa da wannan. Ni ina da hoton da zan haɗa gobe."

Na kalli zoben, na saurari muryar yayar tana tambaya a falo wai ina tsohuwar take.

Na ce, "Miƙo min mayafina mai kyau. Ba wannan ba, mai duwatsun."